Wa ya tsaya wa shafinka? Yadda waya da kwamfuta ke yarda da takardar shaida

Shafi ɗaya, adireshi ɗaya. A kwamfuta ya buɗe lafiya lau, a tsohuwar waya kuma gargaɗi ya cika allo, wai haɗin ba amintacce ba ne. Ka duba takardar shaidar shafin, wato takardar SSL/TLS da ke tabbatar wa burawuza cewa shafin na gaske ne, wa'adinta bai ƙare ba. To ina matsalar take? Tana cikin na'urar mai ziyara, domin ita ke yanke hukuncin yarda, ba kai mai shafi ba.

Kowace na'ura tana ɗauke da jerin takardun tushe, wato takardun manyan masu ba da shaida, da ta amince da su. Windows na da jerin Microsoft, iPhone da Mac na da na Apple, Firefox na tafiya da na Mozilla duk inda aka ɗora shi, Chrome kuma ya fara amfani da nasa a 2022. Kamfanin da ya ba ka takarda ba da tushen yake sa mata hannu kai tsaye ba. Makullin tushe a killace yake, ba ya kan intanet. Tushe ya tsaya wa takardar tsakiya, ta tsakiya ta tsaya wa taka. Burawuza tana bin wannan sarƙa hawa-hawa har ta isa wani tushe da ke cikin jerinta. In ba ta isa ba, ta rufe ƙofa.

Kuskuren da ya fi yawa a nan yake faruwa. Sabarka, wato kwamfutar da ke ɗauke da shafinka, ita ce ya kamata ta miƙa takardarka tare da ta tsakiya. Idan ka ɗora taka ita kaɗai, Chrome a kwamfuta zai nemo ta tsakiyar da kansa, Firefox ma yana ajiye da yawa daga cikinsu, sai ka zaci komai daidai ne. Amma curl, manhajar da ake jawo shafi da ita ta hanyar rubuta umarni, da manhajojin waya da dama ba sa wannan wahalar, kai tsaye za su ƙi. Masu amfani da Certbot, manhajar da ke karɓo takarda, a kan manhajar saba ta Nginx, fayil ɗin fullchain.pem ake nunawa, ba cert.pem ba. Don tabbatarwa, yi amfani da umarnin openssl s_client tare da showcerts, ka ƙirga takardun da suka fito. In ɗaya ce tak, sarƙarka a tsinke take.

Tushen ma yana tsufa. Ranar 30 ga Satumba 2021 wa'adin tushen DST Root CA X3 ya cika, wanda shi ne ya goya Let's Encrypt, masu ba da takarda kyauta, tun farko. Sabon tushensu, ISRG Root X1, ba ya cikin wayoyin Android da ba su kai 7.1.1 ba. An yi dabarar da ta ƙara musu shekara uku, saboda Android ba ya duba ranar ƙarewar tushe, amma dabarar ta rikita manhajojin da ke duba takarda da OpenSSL 1.0.2, kuma ta ƙare a 2024. Abin takaicin shi ne mai tsohuwar waya bai yi laifin komai ba, kamfanin da ya ƙera ta ne ya daina aiko sabuntawa. Akwai kuma tushen da ake kora daga jerin, kamar na kamfanonin nan: DigiNotar a 2011 bayan kutse, Symantec a 2018.

Sai batun ƙarfi. Za ka ga talla na cewa takardarsu tana ba da kariya mai bit 256. Wannan lamba ba daga takarda take fitowa ba. Aikin takarda shi ne tabbatar da cewa kai ne. Ɓoye bayanan kuwa burawuza da saba ne ke daidaitawa a gaisuwar farko, su zaɓi hanyar ɓoyewa, AES mai 128 ko 256, ko ChaCha20. Takardar kyauta da mai tsada duka a kan wannan tsari suke, bambancinsu shi ne zurfin binciken da aka yi wa mai ita. Inda takarda ke da ta cewa shi ne makullinta. Makulli nau'in RSA tsawonsa ba ya kasa bit 2048, ƙarfinsa kimanin bit 112. Nau'in ECDSA P-256 yana ba da kimanin 128, daidai da RSA 3072, ga shi ƙarami, ga saurin sa hannu. RSA 4096 kuwa nauyi yake ƙara wa saba, ribarsa ga shafi na yau da kullum kaɗan ce. Sa hannu da tsohuwar hanyar SHA-1 burawuzoji sun daina karɓa tun 2017.

Shawarar da ta fi dacewa: a TLS, tsarin da ke ɓoye haɗin, kunna 1.3 da 1.2, kashe 1.0 da 1.1, waɗanda manyan burawuzoji suka yi watsi da su a 2020. Idan kana da tsofaffin na'urori a cikin masu ziyara, Nginx da Apache suna ba ka damar ɗora takarda biyu, ECDSA da RSA, kowace na'ura ta karɓi wadda take ganewa. Daga nan ka gwada shafin a SSL Labs, dandalin gwajin takardu, ka gangara zuwa teburin na'urori, ka ga waɗanda suka gaza da dalilinsu. In mutum ɗaya ne kawai ke kuka, a fara duba agogon wayarsa, domin kwanan wata da ya kauce yana sa lafiyayyar takarda ta zama kamar ta mutu.

Wa'adin takardu kuma raguwa yake yi. An tsayar da shi a kwana 398 a 2020, kuma an amince a sauko da shi mataki-mataki zuwa kwana 47 nan da Maris 2029. Sabuntawa da hannu ba za ta yiwu ba. Sa Certbot ko makamancinsa ya riƙa yi da kansa, ka kuma haɗa masa umarnin sake loda saba, in ba haka ba sabuwar takarda na kwance a faifai, saba na ci gaba da miƙa tsohuwa.