Ɗingishin doki: a fara duba kofato kafin a zargi kafaɗa

Assalamu alaikum. Ni likitan dabbobi ne. Iyayena da yayyena masu barga, na san a cikinku akwai waɗanda suka riƙe ragamar doki tun ban san hannun dama ba, don haka a yi mini afuwa idan na maimaita abin da kuka riga kuka sani.

Kowa ya miƙa hannunsa ya duba. Abin da muke kira gwiwar doki a ƙafar gaba, a jikin mutum tsintsiyar hannu ce. Dogon ƙashin da ke ƙasa da ita shi ne na tafin hannu, kofato kuma farce ne. Wato ingarman da kuke gani, da sirdinsa da mahayinsa, a kan ɗan yatsan tsakiya guda yake tsaye a kowace ƙafa. Ƙafafun gaba su ke ɗaukar kusan kashi 60 cikin 100 na nauyinsa, saboda kai da wuya a kansu suke. Shi ya sa ɗingishi ya fi yawa a gaba.

Wani abin mamaki, babu ƙashin da ya haɗa ƙafar gaba da gangar jiki. Tsoka ce kawai ta rataye ƙirji tsakanin allunan kafaɗa biyu, ita ke shanye jijjiga idan ya dira. Daga gwiwa zuwa ƙasa kuwa babu tsoka, sai ƙashi da jijiyoyi da fata. Ku shafa bayan ƙwaurinsa, za ku ji su kamar igiyoyi a miƙe. Idan aka sako doki a guje ranar hawan daushe, aka ja linzami ya ci birki a gaban sarki, waɗannan igiyoyin ne ke biyan kuɗin jinjinar. Jijiyar da ta yage kuwa ba ta sauri, tana iya cin wata 9 zuwa shekara kafin ta koma aiki.

To, ga inda nake so mu daɗe. Sau da yawa idan aka kira ni, kafin in sauke jaka an riga an yanke hukunci: “Likita, kafaɗa ce.” Wani ma ya riga ya yi masa lalas. Alhali mafi yawan ɗingishin gaba daga gwiwa zuwa ƙasa yake, musamman cikin kofato. Akwai ranar da na tarar da wani fari kyakkyawa, kafaɗarsa duk tabon wuta, kwana 6 yana tsaye a ƙafa uku. Na ɗaga ƙafar, na kankare ƙasar da ta cushe, na matsa da abin matsa kofato, sai ya zabura. Ɗan baƙin ɗigo ne kamar ƙwayar gero. Da na huda, baƙar mugunya ta tsarto, wari ya cika bargar. Washegari ya taka. Kafaɗar da ba ta yi laifin komai ba ita ta sha wuta.

Yaya za ka gane ƙafar gaban da ke ciwo? Sa yaro ya ja shi da sassarfa a ƙasa mai tauri, ya saki ragama kaɗan, kai kuma ka tsaya gaba kana kallon kansa. Idan mai ciwon ta taɓa ƙasa, kai zai yi sama. Idan lafiyayyar ta taka, kai ya yi ƙasa. Mutane da yawa suna juya wannan, su kama ƙafar da ba ruwanta. Mu likitoci muna auna tsananin daga 0 zuwa 5, sannan mu yi allurar kashe zafi daga dunduniya, muna hawa gaɓa-gaɓa. Inda ɗingishin ya ɓace, nan ciwon yake.

Sai maganar abinci, kuma a nan zan ɗan taɓa ku. Cikin kofato akwai ƙaramin ƙashi da wasu siraran shafuka suka manne da bangon kofaton, kamar yadda farce ya kama naman yatsa. Sallah ta matso, ana so doki ya yi ƙiba ya yi sheƙi, sai a cika masa gero da dawa lokaci guda. Hatsin ya yi tsami a hanji, guba ta shiga jini, shafukan nan su kumbura, su saki. Za ka gan shi ya miƙa ƙafafun gaba, ya jingina baya a kan dunduniya, kofato da zafi, jijiyar jini a bayan gaɓar ƙasa tana bugawa da ƙarfi. Idan ka ga haka, ka janye hatsi nan take, ka tsayar da shi a kan yashi mai laushi, ka sa ƙafafun cikin ruwan ƙanƙara, ka kira likita. Kada a ce a fita da shi kilisa ya warware, tafiyar ce ke ƙara ɓamɓare ƙashin. Kofato kuma bai kai santimita 1 yake tsirowa a wata ba, sabo cikakke sai kusan shekara.

Malam a can baya ya ɗaga hannu yana tambayar abin yi idan ƙusa ta caki kofato. Idan kun same ta a cake kuma likita na kusa, ku bar ta ya ga zurfinta da inda ta nufa. Idan dole ce ta sa kuka cire, ku yi wa wurin alama, ku ajiye ƙusar ku nuna masa, kuma a yi wa dokin allurar tetanas a ranar.