Jawabin Maraba Ga Mai Girma Ministan Lafiya Daga Sashen Binciken Cututtukan Ƙwaƙwalwa

Ranka ya daɗe, sannu da zuwa. Hidimarka ga lafiyar jama'a sananniya ce, ba sai mun tsaya lissafa ta ba. Buƙatarmu kuma guda ce, za mu faɗe ta tun kafin tarihi: firizar ɗakin bincike mai sanyin digiri 80 ƙasa da sifili.

A 1906 ne likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana wasu dunƙule-dunƙule a ƙwaƙwalwar wata mai cutar mantuwa. Sai a 1984 aka gano furotin ɗin da ke cikinsu, wato amiloyid, daga 1992 kuma masana suka raja'a a kan cewa shi ne tushen cutar. Wannan sashe bai taɓa yarda cewa zancen ya ƙare nan ba. Mun dage a kan cewa kumburi a ƙwaƙwalwa ma yana da hannu a cutar tun ana yi mana kallon masu ɓata lokaci, ana tsallake mu wajen rabon kuɗin bincike.

Ƙwaƙwalwa tana da nata ƙwayoyin kariya, maikurogiliya, masu kewaye amiloyid su cinye shi. Idan tarin ya fi ƙarfinsu, sai su yi ta fitar da sinadaran kumburi waɗanda ke lahanta jijiyoyi, kumburin kuma ya ƙara taimaka wa amiloyid taruwa. Mai gadi ke nan ya koma ɓarnar gidan da aka ba shi tsaro. A 2013 aka gano cewa sauyi a ƙwayar gado ta TREM2, wadda ke aiki a cikin maikurogiliya, yana ƙara haɗarin kamuwa da cutar. Ba mu ce komai ba a lokacin, amma mun ji daɗi.

Ko maganin lecanemab da Amurka ta amince da shi a 2023, mai kwashe amiloyid, ya rage saurin taɓarɓarewar ne da kashi 27 cikin ɗari a wata 18, wasu kuma ya kumbura musu ƙwaƙwalwa.

Ranka ya daɗe, alamun amiloyid da na kumburi a jini da ruwan laka muke auna su. Iyalai ne suka amince muka ɗebi waɗannan samfura daga iyayensu, tsohuwar firizarmu kuwa ta gaji, kuma samfurin da ya narke sakamakonsa ba abin dogaro ba ne. Horar da matasan masu bincike ma muna so, amma wannan zai iya jira. Firizar ce ba za ta jira ba, muna roƙon ka sa hannu a kanta kafin ka tashi yau.

Allah ya ƙara girma, ya mayar da kai gida lafiya.