"Aji 150" a Zanen Bututu: Lambar da Ake Yawan Karantawa Ba Daidai Ba

[Hoto: zanen bututu a shimfiɗe kan tebur, kyamara na matsowa kan akwatin bayanai]

Jama'a, kwanakin nan tambaya ɗaya ke ta dawowa daga masu walda da sababbin masu zane: layin bututu yana aiki a kan matsin bar 10 (bar ma'aunin matsi ne), filanjin da aka sa, wato faifan ƙarfe mai ramuka da ke haɗa bututu biyu da ƙusoshi, Aji 150 ne, to me ya sa mai duba aiki ya ce a cire shi?

Bari mu fara da tushe, a gaggauce. Bututun cikin matatar mai, masana'antar taki ko ta sinadarai, ƙa'idar ASME B31.3 ta Amurka ce aka fi bi wajen tsara shi, har a nan Najeriya. Na tashar wutar lantarki mai tururi kuwa B31.1 ce. Ƙa'idar ba ta ba ku fom na cikewa ba. Sharuɗɗa ta gindaya, zane kuma shi ne ke kai sharuɗɗan hannun wanda zai yanka ƙarfe ya yi walda.

[Hoto: yatsa na bin lambar layi]

Ga lambar layi: girman bututu, abin da ke gudana a ciki, lambar jeri, sai rukunin kayan. Kowane kamfani da salon rubutunsa. Ga nau'in ƙarfe, A106 Gr. B. Ga kauri: bututu mai inci 4, faɗinsa na waje milimita 114.3 ne, a shadul 40 (shadul lambar kaurin bangon bututu ce) kaurinsa milimita 6.02, a shadul 80 kuma 8.56. Waɗannan ba su cika rikita kowa ba.

Inda ake tuntuɓe shi ne nan.

[Hoto: layuka biyu a akwatin bayanai, an zagaye su da jan biro]

Matsi iri biyu ne a rubuce. Akwai matsin aiki, wanda agogon auna matsi ke nunawa yau da gobe idan komai lafiya. Akwai kuma matsin tsarawa, wanda ƙa'ida ta ce kada ya gaza matsin da layin zai gamu da shi a mafi tsananin hali, a haɗe da zafin da zai zo tare da shi a wannan lokacin. Famfo na gudu wani ya rufe bawul a gaba, matsi ya hau. An hura tururi don wanke layi, zafi ya hau. Irin waɗannan ranakun ake yi wa lissafi.

Shi ya sa matsin tsarawa ba ya tafiya shi kaɗai. Duk zanen da ya rubuta matsi bai rubuta zafi ba, a ganina bai cancanci ya shiga wurin walda ba, a mayar da shi ofis.

[Hoto: jadawalin ASME B16.5]

Yanzu ku dubi jadawalin filanji. Lambar 150 suna ne na aji kawai. Filanjin ƙarfe A105 na Aji 150 yana ɗaukar bar 19.6 a zafin digiri 38 na ma'aunin Celsius. Da zafi ya kai digiri 100, ya sauko 17.7. A digiri 200, bar 13.8. A digiri 300, 10.2. A digiri 400, bar 6.5 kacal. Filanjin bai canja ba, ƙusoshin ba su canja ba, zafi ne ke rage masa ƙarfi.

Mu ɗauki misali. Layi yana aiki a bar 10, amma zane ya ce matsin tsarawa bar 15 ne a digiri 200. Wanda ya kalli bar 10 zai ce Aji 150 ya wadatar. Wanda ya haddace 19.6 shi ma zai ce haka. Dukansu sun yi kuskure, domin a digiri 200 iyakarsa 13.8 ce, ta gaza 15. Sai an hau Aji 300, wanda ke ɗaukar bar 43.8 a wannan zafin. Kuma ba filanji kaɗai zai canja ba: gasket (zoben da ake sakawa tsakanin filanji biyu don hana yoyo), ƙusoshi da bawul duk sai sun bi sabon ajin, ramukan ma ba za su hau juna ba.

[Hoto: ana cika layi da ruwa, allurar agogo na hawa]

Gwajin ruwa, wato cika layi da ruwa a matse shi don a ga ko zai jure, shi ma daga matsin tsarawa yake fita. Aƙalla ninki 1.5 na matsin tsarawa, wato bar 22.5 a misalinmu, ana ƙarawa idan zafin tsarawa ya rage ƙarfin ƙarfen, a riƙe aƙalla minti 10 ana duba kowace mahaɗa. Wanda ya ninka matsin aiki zai tsaya a bar 15, ya sa hannu, alhali layin bai sha gwajin da ya kamata ba. Wannan ya fi damuna, domin takarda za ta nuna an yi gwaji, mutane kuma za su tsaya kusa da layin hankali kwance.

[Hoto: zanen aisometirik, wanda ke nuna tsawo, faɗi da tsayin layi a takarda ɗaya, mai lambobin walda]

Sauran a taƙaice. Rukunin ruwan da ke ciki, mai masana'anta ne ke da alhakin ayyana shi: rukunin D na marasa haɗari, rukunin M na masu guba, ko na yau da kullum. Rukunin ne ke yanke yawan binciken walda. A na yau da kullum, aƙalla kashi 5 cikin 100 na waldar baki da baki, inda aka haɗa bakin bututu biyu, ake ɗauka a hoton ciki irin na X-ray. Kowace walda da lambarta a zane, a san wadda aka yi a wurin ƙira da wadda aka yi a filin aiki, a san hannun da ya yi ta. Sai rarar kauri da aka bar wa tsatsa, wuraren tallafi, kibiyar gudu, da rufin hana zafi fita.

Kafin ku ɗora abin yanka a kan bututu, ku duba lambar gyara a ƙusurwar takardar. Idan an ɗaga zafin tsarawa a gyara na 3 kuna riƙe da na 2, ajin filanjin da ke hannunku na tsohon lissafi ne.