Ƙafa 30 ko Ƙafa 40: Wane Jirgin Ruwa Mai Tafiya da Iska Ya Fi Dacewa da Kai?

Assalamu alaikum jama'a. Mu ɗauki jiragen ruwa biyu. Na farko tsawonsa ƙafa 30 ne, wajen mita 9. Na biyu ƙafa 40, mita 12 da 'yan kai. Duka biyun iska ke tura su, kuma kowanne akwai wurin kwana da madafa da bayi a cikinsa, har mutum ya yi makonni a teku bai taka ƙasa ba. Mu nan Sakkwato kwalekwalen Rima muka sani, wanda ake turawa da gora daga wannan gaɓa zuwa waccan. To amma 'yan uwanmu mazauna Legas da ƙasashen waje sukan sha wannan muhawara, kuma lissafinta na da daɗin ji ko ga wanda bai taɓa ganin teku ba.

Ido zai ce maka ai ƙafa goma ce kawai tsakaninsu. Kada ka yarda. Jirgi in ya ƙara tsawo, faɗinsa ma ƙaruwa yake yi, zurfinsa ma haka. Shi ya sa ƙaramin galibi tan 4 ko 5 ne, babban kuwa sai ka same shi tan 8, 9, har 10. Kuma komai na cikin jirgi nauyin nan yake bi: anka (ƙarfen da ake jefawa cikin ruwa don tsayar da jirgi), sarƙarta, igiyoyi, inji. Ƙyallen da ke kama iska ma kusan ninki biyu ne.

Bari mu ba babban haƙƙinsa tukuna. Ya fi gudu, kuma ba don inji ba. Irin waɗannan jirage tsawon jikinsu da ke kwance cikin ruwa shi ke yanke musu iyakar gudu. In tsawon nan ƙafa 25 ne, kamar na ƙaramin, da wuya jirgin ya wuce kilomita 12 da ɗan ɗori a awa. In ƙafa 36 ne, kamar na babban, zai kusan taɓa 15. Na san wani zai yi dariya, ya ce ai ko mai keke ya fi haka. Gaskiya ne, sai dai jirgi ba ya tsayawa dare da rana. Duk watan Nuwamba jirage kan taru a Las Palmas da ke tsibiran Kanari, su tsallaka Atlantika zuwa tsibirin Sent Lusiya, tafiyar kusan kilomita 5,000. Mai cin kilomita 220 a yini zai yi kwana 22 ko 23. Mai cin 265 zai isa cikin kwana 19. Kwana uku ko huɗu ke nan da ba ka shan ruwan tanki, ba ka kuma jiran abin da sama za ta aiko.

Sannan babban ya fi zama daram in teku ta fusata. A watan Agustan 1979 guguwa ta afka wa tseren Fastnet, tsakanin Ingila da Ailan. Jirage 303 ne suka fita, 'yan tsere 15 suka rasu, kuma ƙananan jiragen su suka fi shan wuya.

Yanzu sai aljihu. Duk wanda ya taɓa ɗaure doki a gida ya san kuɗin saye ba shi ne magana ba, harawa da dawa na kullum su ne magana. Tashar da za ka ajiye jirgi da tsawonsa take cajin ka. Akai-akai sai an ɗaga shi daga ruwa an kankare ƙasansa an sake fenti, saboda ciyawa da ƙananan halittun teku da ke mannewa, kuma fentin da zai ishi ƙaramin ba zai kai ko'ina ba a babban. Jirgin yana tafiya ko yana ɗaure, wannan kuɗi sai ya fita.

Amma ni abin da na fi dubawa shi ne hannu. Su wa za su tuƙa shi? Yawancin masu irin wannan tafiya mutum biyu ne, mata da miji ko abokai, kuma karɓa-karɓa suke yi: ɗaya na barci, ɗaya na gadi. Wato rabin tafiyar mutum ɗaya ne da jirgi. Ƙarfe biyun dare iska ta tashi, dole a rage ƙyalle nan take. A ƙaramin, mutum mai matsakaicin ƙarfi zai ja igiya ya gama. A babban, sai da na'urar naɗe igiya, wani lokaci mai aiki da batir, kuma gishirin teku ba ya ga-maciji da waya da batir. Ranar da ta ƙi, ankar da sarƙarta da hannu za a jawo su. Saboda haka kada ka auna jirgi da ƙarfinka na ranar da kake garau. Auna shi da wanda ya fi rauni a cikinku, ranar da kai kake kwance da jiri da amai.

Kada kuma a ce ƙarami ba ya zuwa nesa. Robin Knox-Johnston ɗan Ingila ya zagaya duniya shi kaɗai ba tare da ya tsaya ko'ina ba, daga 1968 zuwa 1969, cikin kwana 312, a jirginsa Suhaili mai ƙafa 32.

In ku biyu ne, kuma yawancin yawonku bakin gaɓa ne, ni dai ƙaramin zan nuna muku, rarar kuɗin ku zuba ta a sababbin igiyoyi, anka mai kyau da kayan ceton rai. In kuwa da yara za a zauna a ciki shekara da shekaru, ko za a riƙa tsallaka teku da mutum huɗu ko biyar, ƙafa 30 za ta matse ku, tankin ruwanta ma ba zai kai ku ba. Kowanne ka zaɓa, in na hannu ne, kafin ka biya a ɗaga shi sama ƙwararre ya duba ƙasansa da ƙusoshin da ke riƙe da nauyin gindinsa, sannan ka fita da shi ranar da ake iska sosai, ka sa abokin tafiyarka ya rage ƙyallen shi kaɗai kana kallo.