Ƙwayar da ta daina jiran umarni

Assalamu alaikum. Na gode da kuka ba ni wannan lokaci. Aikina a ɗakin bincike shi ne bin sawun saƙon da ƙwayoyin halittar jiki ke aika wa juna, da yadda saƙon ke lalacewa har a samu cutar kansa.

Ƙwaya mai lafiya ba ta rabuwa biyu don ta ga dama, sai an umarce ta. Wata ƙwayar ce ke sakin sinadarin girma, irin EGF da Stanley Cohen ya gano, aikin da ya kai shi ga kyautar Nobel a 1986. Sinadarin ya zo ya manne wa wani furotin da ke jikin fatar ƙwayar, shi kuma ya tayar da na cikinta ɗaya bayan ɗaya: RAS, RAF, MEK, ERK, har saƙo ya isa inda DNA yake. Ƙwaya ta rabu, saƙo ya mutu. Don Allah ku riƙe wannan mutuwar saƙon, domin a nan matsalar take.

Ku ɗauki RAS. Kamar makunnin fitila yake. Idan yana riƙe da wani sinadari mai suna GTP a kunne yake, idan ya mayar da shi wani mai suna GDP sai ya koma a kashe. A 1982 ɗakunan bincike uku, ciki har da na Robert Weinberg, suka nuna cewa sauyin harafi ɗaya tak a DNA ya isa ya bar RAS a kunne. Babu wanda ya aiko saƙo daga waje, amma ƙwaya tana ta jin "rabu, rabu". Wannan yana taɓa ni har yau. Kansa ba baƙuwa ba ce da ta shigo jiki, hanyar da jiki ke warkar da rauni ce ta ƙi tsayawa.

To in an san furotin ɗin da ya maƙale, ba za a iya toshe shi kaɗai ba? An iya. A 1960 Peter Nowell da David Hungerford suka ga wani guntun kuromosom, wato ɗaya daga ƙunshin DNA da ke cikin ƙwaya, a masu wata kansar jini da ake kira CML. A 1973 Janet Rowley ta gano cewa kuromosom na 9 da na 22 ne suka yi musanyar yanki, aka samu furotin BCR-ABL wanda ba ya hutawa. Sai a 2001 aka amince da imatinib, maganin da Brian Druker ya jagoranci gwajinsa, wanda ke zama daidai gurbin da furotin ɗin ke karɓar makamashinsa. Ku lissafa, shekara 41 ke nan. Cutar da ke kashe mutum cikin 'yan shekaru ta zama wadda yawancin masu ita ke rayuwa da ita suna shan ƙwayar magani kullum. Haka trastuzumab ya zo a 1998 ga masu kansar mama mai yawan HER2, wani furotin da ke jikin fatar ƙwaya mai isar da saƙon girma. Shi kuwa RAS sai 2021 aka samu maganin da ke toshe shi, sotorasib, kuma wani nau'in sauyi guda kawai yake kamawa.

Amma ba zan ɓoye muku abin da ke hana mu barci ba. Kusan rabin masu kansar fata ta melanoma suna da sauyi a BRAF, wani nau'in RAF ɗin da na ambata. Da vemurafenib, maganin da ke toshe shi, ya fito a 2011, ƙari ya riƙa narkewa cikin makonni. Bayan 'yan watanni, a jikin da yawa daga cikinsu, ya dawo. Dalili kuwa, ƙari ba ƙwaya iri ɗaya ba ce. Cikin miliyoyi akwai 'yan kaɗan da suka sami hanyar tayar da MEK ba tare da bi ta inda aka toshe ba. Magani ya kashe sauran, su kuma suka samu fili. Shi ya sa daga 2014 ake haɗa mai toshe BRAF da mai toshe MEK, kuma haɗin ya fi jinkirta dawowar cutar.

Ga ɗalibai da likitocin da ke zaune a nan, roƙona shi ne idan kansa ta dawo bayan irin wannan magani, kada a ɗauka ita ce ta jiya. A sake ɗaukar samfurin ƙarin a duba wane furotin ne yanzu ke ɗauke da saƙon, domin maganin da za a ba marar lafiya a gaba ya dogara da amsar. Mai tambaya yana iya ɗaga hannu.