Jawabin Maraba ga Mai Martaba Sarki a Tsibirin Prince Edward

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Allah ya ja zamanin Sarki, Allah ya ƙara lafiya da nasara. A madadin 'ya'yanka ɗalibai da ma'aikata mazauna Charlottetown, babban birnin wannan lardi na Kanada, muna yi wa Mai Martaba barka da sauka, shi da hakiman da suka rufa masa baya. Sannunku da hanya, sannunku da sanyi.

Ranka ya daɗe, wannan lardi shi ne mafi ƙanƙanta a Kanada, murabba'in kilomita 5,660 kacal. 'Yan ƙasa na asali, Mi'kmaq, Epekwitk suke ce masa, kuma har yau suna nan da al'adunsu. Faransawa sun kafa zango a 1720, Turawan Ingila suka kwashe yawancinsu a jiragen ruwa a 1758. A garin nan kuma aka yi taron 1864 wanda ya haifar da tarayyar Kanada.

Amma labarin da muka fi so Sarki ya ji na gona ne, tunda rikicin gona ba baƙo ba ne a fada. Bayan an yanka tsibirin kashi 67, a 1767 aka raba kusan duka ta hanyar ƙuri'a a Landan ga manyan mutane da yawancinsu ba su taɓa tako shi ba. Talaka ya sare daji, ya tumɓuke kututture, ya noma, sannan ya biya haya ga wanda bai san fuskarsa ba. Kura da shan bugu, gardi da kwashe kuɗi. Sama da shekara 100 ana haka. Da manoma suka haɗa kai suka ƙi biya, sai aka turo musu soja daga Halifax a 1865. Ba su saduda ba. Ko shigar tsibirin tarayya a 1873 sai da Kanada ta yarda da bashin dala 800,000 don fanso gonaki, dokar 1875 kuma ta tilasta wa masu manyan filaye sayarwa.

Jikokinsu ba su manta ba, ranka ya daɗe. Dokar 1982 ta hana mutum ɗaya riƙe fiye da eka 1,000, kamfani kuwa 3,000. A ganinmu wannan ne gadon da ya fi daraja a nan, kuma jar ƙasar da suka tsare ita ke ba Kanada kaso mai tsoka na dankalin Turawanta.

Gobe in Allah ya kai mu za mu raka Mai Martaba gona ya gana da manoman. Yanzu muna roƙon Sarki ya sa wa ɗalibanmu albarka, jarrabawa na gabansu.

Allah ya ja zamanin Sarki.