Jawabin Maraba ga Mai Girma Kwamishinan Lafiya a Ziyararsa Sashen Horar da Mataimakan Masana Magunguna

Bismillahir Rahmanir Rahim. Assalamu alaikum wa rahmatullahi wa barakatuhu.

Mai girma Kwamishinan Lafiya, Babban Sakatare da daraktocin ma'aikata, shugaban wannan kwaleji, wakilin Mai Martaba Sarki, malamai, iyaye da ɗalibai. Ranka ya daɗe, a madadin malaman wannan sashe muna yi maka lale marhabin, kai da 'yan rakiyarka. Rahotanninmu sun sha isa teburinka, yau kuwa ka tako da ƙafarka, gani ya kori ji. Allah Ya saka da alheri.

Yaran nan masu fararen riguna su ne za su tsaya a tagar ɗakin magani. Likita ya duba, ya rubuta, mara lafiya ya fito. Hannu na ƙarshe da magani zai bi kafin ya shiga baki nasu ne. A babban asibiti suna aiki ƙarƙashin famasist, wato masanin magunguna. A asibitin ƙauye kuwa sau da yawa babu famasist ko kusa, ɗan famasin nan shi ne mai ajiya, shi ne mai lissafi, shi ne mai yi wa uwa bayani.

Muna ɗaukarsu da kiredit biyar: Turanci, lissafi, kimistiri, bayoloji da fiziks. Karatun shekara 3 ne, haɗe da zaman koyon aiki a asibiti, sannan su zauna jarrabawar ƙasa ta Hukumar Kula da Harkar Magunguna, wato PCN, wadda aka sabunta dokarta a 2022. Sai wanda ya ci ake yi wa rajista.

Inda muka fi tsananta musu shi ne lissafi, kuma ba ma sassauci a nan. Ɗauki farasitamol, wanda babu gidan da ba a san shi ba. Ana ba yaro miligiram 15 kan kowane kilo na nauyinsa. Yaro mai kilo 10 zai sha miligiram 150, kuma idan kwalbar ta ce miligiram 120 a cikin mililita 5, abin ya kama mililita 6 da ɗan ɗoriya, bayan kowace awa 6, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana. To amma akwai na ɗigawa jarirai, mai miligiram 100 a mililita ɗaya tak. Wanda ya ɗauko wannan ya auna mililita 6 ya ba yaron miligiram 600, ninki huɗu ke nan, kuma hanta ce za ta biya. Sunan magani ɗaya ne, kwalayen ma kan yi kama. Shi ya sa ɗalibinmu yake karanta kwalba sau uku: da zai ɗauko, da zai zuba, da zai mayar.

Haka maganin zazzaɓin cizon sauro, atimita da lumifantirin. Da nauyi ake bayarwa, ba da kallon tsawon yaro ba: kilo 5 zuwa 14 ƙwaya ɗaya, 15 zuwa 24 biyu, 25 zuwa 34 uku, daga 35 zuwa sama huɗu. Sau shida ake sha cikin kwana uku, na biyu awa 8 bayan na farko, kuma da nono ko abinci mai maiƙo, domin lumifantirin ba ya ratsa jiki sosai a cikin da babu komai. Abin da ke faruwa kullum shi ne zazzaɓi ya sauka a rana ta biyu, uwa ta ɗaure sauran a bakin zane ta ajiye wa ƙaninsa. Idan ba a faɗa mata a taga ba, ba laifinta ba ne.

Saboda haka muke koya musu magana kamar yadda muke koya musu awo. Likita zai rubuta tds, ɗan famasi ya san sau uku ne, tazarar awa 8. Amma "sau uku a rana" a kunnen mutane da yawa na iya zama safe, hantsi da azahar. Mu kan ce su ɗaura shi kan salla: asuba, azahar, sannan lokacin kwanciya bayan isha'i. Wanda ba ya karatun boko a rubuta masa da ajami, ko a zana masa rana da wata a jikin leda. Garin amoksisilin na yara a nuna wa uwa layin da ke jikin kwalba, a zuba tafasasshen ruwan da ya huce, rabi tukuna a girgiza, sannan a cika zuwa layin. Ruwan gishiri da sukari a duba jikin ledar, mai lita ɗaya a kaɗa a lita ɗaya cif, a zubar da abin da ya rage bayan awa 24, a haɗa da zink miligiram 20 kullum har kwana 10 zuwa 14, rabin haka ga jaririn da bai kai wata 6 ba. Kafin ta tafi, ita za ta maimaita da bakinta.

Ranka ya daɗe, sito shi ne abin da ya fi damunmu. Yawancin kwalaye suna cewa a ajiye ƙasa da digiri 30, mu kuwa a watan Afrilu zafinmu kan haura 40, balle ƙarƙashin rufin kwano. Insulin na masu ciwon sukari, oksitosin mai tsayar da jinin haihuwa da alluran rigakafi suna son digiri 2 zuwa 8, a duba ma'aunin firji safe da yamma a rubuta. Oksitosin da ya daɗe a zafi ba ya sauya launi, ba ya wari. Sai ungozoma ta yi wa mai jego allura jini ya ƙi tsayawa. Sanyin ma yana da nasa sharrin: allurar rigakafin ciwon hanta da ta sarƙe-haƙora idan suka daskare sun lalace. Kwalaye a kan katako suke zama, santimita 10 daga ƙasa, 30 daga bango. Wanda wa'adinsa zai riga ƙarewa shi ke fita da fari, ko da jiya ya iso, kuma ƙwaya ɗaya ba ta fita sai an rubuta a katinta. Asusun juya kuɗin magani, inda ake sayar da magani a sake sayo wani da kuɗin, wanda ya samo asali daga shirin Bamako na 1987, a irin wannan katin yake rayuwa ko ya mutu.

Ba mu manta da 2008 ba, lokacin da maganin haƙoran jarirai mai guba ya kashe yara 84 a ƙasar nan, ko maganin tari mai guba da ya kashe yaran Gambiya a 2022. Ɗalibinmu yana duba lambar NAFDAC, lambar rukuni da ranar ƙarewar wa'adi, ya gwada na kwali da na ciki, kuma ya san ba kowane mai kawo kaya a bayan mota ake saya a hannunsa ba. Batun kodin, wanda aka hana maganin tari mai ɗauke da shi a 2018, da tiramadol, muna gaya musu ƙarara: za a zo da kuɗi, za a zo da zumunci, amsar ɗaya ce, sai da takardar likita.

Duk wannan ba ya koyuwa a kan allo, sai hannu ya taɓa. A nan muke miƙa kokenmu. Muna roƙon ma'aunan awo masu kama miligiram, turaman tangaran da kofunan awo na gilashi da za su wadaci aji, yadda kowane ɗalibi zai auna da kansa maimakon leƙe ta kafaɗar ɗan'uwansa. Muna roƙon firji mai aiki da hasken rana. Muna roƙon ma'aikata ta umarci manyan asibitoci su riƙa haɗa ɗalibanmu da famasist mai sa ido, kada a bar su da ƙirga ƙwaya a leda kawai. Sannan idan an tashi ɗaukar ma'aikata, a tuna da waɗanda suka yi rajista, a tura su ɗakunan shan magani na karkara inda har yanzu wanda bai koyi aikin ba ke riƙe da makullin sito.

Ɗaliban aji uku sun shirya a ɗakin gwaji za su haɗa ruwan magani a gabanka, daga nan mu wuce sito. Bismillah, ranka ya daɗe. Allah Ya mayar da ku gida lafiya.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.